Kafin a Buɗe Akwatin Muwon

Ɗan ƙanena ne ya aiko mini da tikitin jirgi, a kan cewa likitocin Guangzhou za su duba mini gwiwa. Tun kafin in bar Kano na san gwiwa ba ita ce dalili ba. A hannuna ya tashi, kuma tun yana ɗan firamare, idan zai faɗi rabin gaskiya sai muryarsa ta yi zaƙi fiye da kima. Duk da haka na shirya na tafi. Ya daɗe a can yana sayen tufafi a kasuwannin titin Guangyuan da na Shahe, yana cika kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu zuwa gida, amma ban taɓa ganin inda yake zaune ba.

Ban gama huce gajiya ba ya fito da maganar. Muna zaune a ofishinsa, wani ɗan ɗaki a saman bene wanda dilolin wanduna suka cinye rabinsa.

"Gwaggo, maganar jikarki ce," in ji shi. "Ina da 'yar da ke jin Sinanci kamar a nan aka yanke mata cibiya, amma ni ina yawo da tafinta a kasuwa. Ta yi digiri na ɗaya, na yi shiru. Ta yi na biyu, na yi shiru. Yanzu ga ta a kan na dakta, tana neman wani abu guda, kuma duk ranar da na tambaya ko an samu, sai ta ce ba a duba ba tukuna. Ba a duba ba, Gwaggo! To me ake yi duk tsawon lokacin nan?"

Ya ce ranar Alhamis mai zuwa za su duba. Ya riga ya sanar da ita cewa idan ba a ga komai ba, za ta bar jami'a ta dawo ta riƙe masa ofis. Abin da yake so daga gare ni shi ne in ɗora nauyina a kan wannan magana, domin ya san a danginmu babu mai musu da ni. Na ce masa ban taɓa hukunta yaro ba tare da na ga aikinsa ba, kuma ba zan fara a ƙasar Sin ba.

Washegari yarinyar ta zo ta ɗauke ni. Ta durƙusa ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, mayafinta a goge, takalminta a wanke, na lura da wannan duka. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa jami'arsu, ta kai ni wani ɗaki mai sanyi inda kwamfutoci suka fi kujeru yawa. Na ce ta yi mini bayani daga tushe, kada ta tsallake layi.

"Kaka," ta ce, "a Turai an haƙa wani zagayayyen rami a ƙarƙashin ƙasa, wanda in za ki zagaye shi da ƙafa sai ki kusa wuni. A cikinsa ake sako wasu ɓurɓushi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, wasu ta nan wasu ta can, da gudu kusan na haske, su yi karo. Daga karon ake samun wani abu mai suna meson. Ba ya daɗewa. Kafin ya yi tafiyar da ta wuce faɗin yatsa ya tarwatse."

"Allah sarki. Sai kuma me?"

"Yawanci tarwatsewarsa irin wadda aka sani ce. Amma lissafi ya nuna cewa sau ɗaya a cikin biliyoyi zai rikiɗe ya zama muwon guda biyu kawai, babu wani abu tare da su. Wannan muke nema. Idan muka ga yana faruwa fiye da yadda lissafi ya faɗa, to akwai wani abu a halittar Ubangiji da littattafanmu ba su sani ba."

Na tambaye ta shi muwon ɗin wane ne. Ta ce yayan ƙwayar nan ne da ke gudana a cikin wayar lantarki, sai dai ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Sannan ta ja ni zuwa wani tebur a gefe, inda aka ɗora baƙaƙen alluna biyu, ɗaya bisa ɗaya, da 'yar fitila a jikinsu. Fitilar na ƙiftawa jefi-jefi, tana ba da sauti, ƙas, ƙas.

"Duk ƙiftawar da kika gani, muwon ne ya wuce. Waɗannan ba daga Turai suke ba, daga sama suke saukowa. Suna ratsa rufi, suna ratsa bene, suna ratsa mu."

"Har da ni?"

"Har da ke, Kaka. Tun ranar da aka haife ki."

"Babu ko sallama?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na shekara da shekaru ina shugabancin makarantar 'yan mata, ko ƙuda bai shiga ofishina ba sai da izini, ashe duk tsawon lokacin akwai baƙi da ke shiga ta ka su fita ta tafin ƙafa. Na sa hannuna a saman allon, fitilar ta ƙifta. Na janye, ta ƙifta. Na sake sawa. Wani ɗalibi Basine da ke zaune kusa ya ɗago ya dube ni, na gyara mayafina, amma ban cire hannun ba.

Daga nan ta nuna mini aikinta a fuskar kwamfuta. Zane ne mai ɗige-ɗige a hagu da dama, da wani siririn layi da ya bi ta cikinsu yana gangarawa. A tsakiya kuwa an lulluɓe wuri guda da baƙi ƙirin.

"Wannan baƙin shi muke kira akwati," in ji ta. "Idan abin da muke nema yana nan, a cikinsa yake. Matsalarmu jabu ce. Muwon biyu kan fito daga wurare dabam, su haɗu su yi kama da na gaske, kuma sun fi na gasken yawa ninkin ba ninkin. Aikina tankaɗe ne: ni na saƙa rariyar da ke zubar da jabun. To idan ina kallon tsakiya yayin da nake saƙar, hannuna zai karkata ba da sanina ba. In buɗa huda a nan, in matse a can, har in ga abin da raina ke so. Shi ya sa ake rufewa. Sai an gama rariya, manya sun bincika ta, mun faɗi yawan jabun da muke sa ran zai saura, sannan a buɗe, sau ɗaya tak. Bayan an buɗe kuma ba a sake taɓa rariya."

Sai da na nemi kujera. A makarantar mishan inda mahaifinmu ya kai ni, Baturiyar da ta koya mana lissafi tana da wata al'ada. Ranar jarrabawa kowace yarinya za ta naɗe saman takardarta inda sunanta yake, ta soke da fil. Malamar ba ta zare fil ko ɗaya sai ta gama ba da maki duka, ta rufe alƙalami. Mun taɓa tambayarta ko tana zargin kanta da son kai ne. Ta ce a'a, ta dai san tana da zuciya. Na ɗauki wannan al'ada na kai ta duk makarantar da na riƙe, malamai suna yi mini gunaguni a kan fil har na yi ritaya. Na zaci ni kaɗai na rage a duniya mai wannan taurin kai. Sai ga shi a ƙarshen duniya na tarar da dubban masana, Sinawa da Turawa da jikata, kowa da fil a hannu! Da ba don gwiwa ba, da na taka rawa a ɗakin nan. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna komawa masauki, na zauna da tafin hannuna a buɗe bisa cinya, ina taryar baƙina.

Kafin Alhamis uban ya gwada wata dabara. Ya kai mu cin taliyar da Musulmin Sin ke ja da hannu, tare da maƙwabcin ofishinsa, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen takalma, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ana tsakiyar ci uban ya matso kusa da 'yarsa, da muryar nan tasa mai zaƙi.

"Ni fa ban taɓa loda kwantena ban farke kwali ɗaya na duba ba. Ki ɗan ɗaga mana gefen akwatin nan mu leƙa, mu mayar mu rufe. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Baba."

"Ke ɗin ai ta gida ce."

Ɗan Maraɗi ya ajiye cokali ya tuntsire da dariya. "Wallahi ɗiyar ga ta fi kwastan tsanani! Kai Alhaji, kai da ka duba samfur da gilashinka, aka kuma loda maka wanduna ƙafa guda ta ɗara guda tsawo, mi leƙenka ya tsinana maka?"

"Kai dai ci taliyarka, mai sayar da takalmin hagu zalla."

"Hajiya, kin ji shi ko? Sau guda ne, kuma na daman shina bisa ruwa, ya iso daga baya."

Yarinyar ta yi murmushi, amma na ga ba ta gama kwanonta ba. A hanya na tambaye ta a keɓe me take zaton yana cikin akwatin. Ta ce mafi rinjayen zato babu komai sai sauran jabu, domin abin da ake nema ya fi ƙarfin yawan karon da aka tara zuwa yanzu. Na ce to ta san sharaɗin ubanta. Ta ce ta sani. Ba ta roƙe ni komai ba.

Ranar Alhamis ban iya cin abincin rana ba. Tun hantsi nake duba agogo kamar 'yar aji ɗaya da ke jiran sakamako. Malamar yarinyar ta yarda iyali su halarta, sai muka shirya kamar masu zuwa suna. Uban ya sa shadda mai sitaci wadda ke ƙara in ya motsa. Ɗan Maraɗi, wanda babu wanda ya gayyace shi, ya iso da farar babbar riga da ledar dabino, ya ce shi ne shaida. An sa lokacin bayan la'asar, saboda a sa'ar ne abokan aikinsu na Turai ke shiga ofis da safe.

Malamar 'yar gajeruwa ce mai furfura. Ta tarye mu a ƙofa, ta kira ɗan ƙanena "lawban", wato maigida, shi kuma ya yi mata "nihawu", gaisuwarsu ta Sinanci, har sau uku. A bango akwai babban allo, an raba shi gida-gida, kowane gida da fuskar wani masani riƙe da kofin shayinsa. A tsakiya ga zanen nan da baƙin akwatinsa. Ɗalibai sun tsaya a bayanmu. Wani Bature a allon ya karanta cewa an bincika aikin, an gamsu, an ba da izinin buɗewa. Jikata ta zauna, ta ɗora yatsa a kan maɓalli.

A nan na miƙe. Na nemi afuwar malamar da Turanci, na ce ina roƙon ɗan lokaci kaɗan don wata magana ta gida. Sannan na juya ga ɗan ƙanena da Hausa.

"Alhaji, ka ɗauko ni daga Kano don in yi hukunci. Ga hukuncina: yanzu za ka faɗi naka, kafin a buɗe."

"Gwaggo, ai mun gama wannan. In an buɗe..."

"Abin da ke cikin akwatin nan ba ita ta zuba ba. Ubangiji ne ya zuba, tun kafin a haifi kakanninmu. Abin da ta yi da hannunta rariya ce, kuma ka ji da kunnenka an ce ta yi kyau. A kan wannan za ka yanke. Idan ka ce ta koma ofis, ta koma, ko da an buɗe an ga abin da duniya ke nema. Idan ka ce ta zauna, ta zauna, ko da babu komai. Amma ba za ka ga suna sannan ka ba da maki ba."

Ban shawarci yarinyar ba kafin in yi wannan. Na ga yatsanta ya janye daga maɓalli, fuskarta ta sauya. Dā tana da ɗan rabo, ko yaya ƙanƙantarsa, cewa akwatin zai cece ta. Yanzu na ɗauke shi, na bar ta da bakin ubanta kaɗai.

"Gwaggo, a fara buɗewa mana, mutane na jira."

"Su jira. Sun daɗe suna jira, sun iya."

Wani daga Turai ya tambaya ko layi ne ya yanke. Malamar ta sunkuya ta tambayi jikata da Sinanci, ita kuma ta amsa mata a hankali. Sai na ga kafaɗun malamar na rawa don dariya. Ta juya ga allon ta shaida musu cewa kakar ɗalibarta ta hana a buɗe har sai uban ya kammala nasa nazarin ido rufe. Gidajen allon duka suka kaure da dariya. Wata mata a can ta ɗauki takarda ta rufe fuskarta, wani ya ɗaga kofinsa yana jinjina mini. Ɗan Maraɗi bai ji abin da aka ce ba, amma ya fi kowa dariya, yana raba dabino.

Uban kam gumi yake yi, shaddar na ƙara. Ya dubi baƙin akwatin, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Can sai ya dubi 'yarsa.

"Ke. Da kin leƙa ranar nan, da akwai wanda zai gane?"

"Babu, Baba."

"Kuma kin san na ce in babu komai ki bari."

"Na sani."

Ya cire hularsa, ya share goshi, ya mayar a karkace.

"Ta zauna. Wallahi ta zauna har ta gama. Danna! Don girman Allah danna, zuciyata za ta fito!"

"Na shaida!" in ji ɗan Maraɗi da ƙarfi, har wani ɗalibi ya zabura.

Ta danna. Kwamfutar ta ɗauki ɗan lokaci tana aiki. Na tsinci kaina riƙe da hannun malamar, matar da ban sani ba sai ranar, ita ma ta damƙe nawa. Baƙin ya yaye. A wurinsa sai ga 'yan ɗigogi kaɗan, kwance lafiya lau a kan siririn layin nan, babu tudu, babu tsini.

"Meyo," in ji malamar.

Wannan kalma ba ta buƙaci tafinta ba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa hawa benayen Shahe ya san ta, kuma ba ya ƙaunarta: babu. Ɗan ƙanena ya yi salati a hankali. Amma kafin ya rufe baki ɗakin ya ɗauki tafi, Turai ma ta ɗauka, malamar ta sake ni ta rungume jikata.

"Me suke wa tafi?" in ji shi. "Babu fa aka ce!"

Yarinyar ta zo ta durƙusa a gabansa, tana dariya hawaye na zuba. Ta nuna masa cewa layin nan ita ta zana shi tun akwatin na rufe, ta ce ga yawan jabun da zai saura, kuma ga ɗigogi sun faɗa inda ta ce. Rariyar ba ta yi ƙarya ba. Yanzu za su iya shaida wa duniya cewa idan abin yana faruwa, to ƙarancinsa ya wuce yadda aka iya tabbatarwa a dā. Wurin ɓuyansa ya ragu.

"Wato," in ji ɗan Maraɗi, "an bincike ɗaki guda tas, an tabbata ɓarawo ba shi ciki."

"Kusan haka, Baffa."

"To madalla. Ni na ga an yi aiki. Alhaji, ɗauki dabino."

Muna saukowa daga bene ɗan ƙanena ya rage tafiya har muka jera. Muryar ta sake yin zaƙi.

"Gwaggo, maganar da na yi ɗazu, kin san mutum in yana cikin ɗoki..."

"An buɗe akwati, Alhaji. Ba a taɓa rariya."

Ya fashe da dariya har ya dafa bango. Ya ce shi dai an yi masa taron dangi, da Kano da Maraɗi da Sin da Turai.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tambayi 'yarsa yaushe za a sake rufe wani akwatin. Ta ce sai an tara ƙarin karo, abin zai ɗauki shekaru. Ya ce to a gaya wa malamar tun yanzu, wancan shi zai danna. Ta ce za ta isar. Daga nan ta ba shi labarin alluna biyun nan da fitilarsu, da baƙin da ke saukowa daga sama. Ya ce shi bai yarda ba, ai da ya ji a jikinsa. Da muka kusa tasharmu na duba, sai na ga hannunsa bisa gwiwa, tafin a buɗe yana kallon rufi. Ɗan Maraɗi ya buɗe duka biyun.

Gwiwata kuwa, sai da na sauka a Kano, ina tattaki zuwa wurin ɗaukar kaya, na tuna babu likitan da ya duba ta.